Tof Silinda, Fetur da Zafin Alƙahira

Duk wanda ya zauna a Madinat Nasr kafin shekarar 2020 ya san yadda Hayyul Ashir ke cika ranar Juma'a. A nan babbar kasuwar motocin hannu ta Alƙahira take ci a wancan lokaci: Nasr 128 da Shahin da Lada da Fijo 504 a jere, masu su na tsaye da tsumma a hannu, dillalai na kai-komo, masu shayi na ratsa layi. Annobar korona ta sa aka rufe filin, daga baya aka mayar da kasuwar bayan gari, wajen hanyar Ain Sukhna. Amma har yanzu, jefi-jefi, akan ji wata ƙara mai kauri a titin Abbas Akkad ko Mustafa Nahhas da daddare, a waiwaya a ga doguwar mota mai faɗin ƙirji, Camaro ko Firebird ko Mustang ta shekarun 1970, tana lallaɓawa cikin cunkoso. Ba su da yawa a Masar. Ƙarancin nasu ne ma ke sa matasa tsayawa kallo, har da 'yan Kano da Sakkwato da Maraɗi da Damagaram waɗanda karatu a Azhar ya kawo su unguwar.

Cikin masu kallon akwai waɗanda abin ya wuce musu kallo. Wani yana zuwa gareji bayan darasi yana koyon aiki a hannun usta, wato babban makanike. Wani ya haɗa kuɗi da abokai sun sayi tsohuwar Caprice mai injin V8. Wani kuwa ɗan kasuwa ne da Allah ya hore masa, ya mallaki motar da ya daɗe yana buri. Ko ba daɗe ko ba jima dukansu tambaya ɗaya suke yi: yaya za a ƙara wa injin nan ƙarfi? Intanet kan amsa nan take cewa a sauya tof silinda, wato kan injin, kuma amsar daidai ce. A waɗannan tsofaffin injuna babu wani ɓangare guda da sauya shi ke kawo ƙarin ƙarfi kamar kan injin. Sai dai babu kuma inda kuɗin matashi ke salwanta cikin sauƙi kamar nan, domin kusan duk shawarar da zai karanta an rubuta ta ne domin mutumin da ke Amurka, mai shan fetur ɗin Amurka, wanda motarsa ba ta tsayuwar rabin awa a gadar Sitta Oktoba cikin zafin Agusta.

Aikin inji shaƙa ne da fitarwa. Fistin ya sauka, iska da fetur su shiga. Ya hau, ya matse su. Fulogi ya kunna wuta, ƙunar ta tura shi ƙasa. Ya sake hawa ya kori hayaƙi. Duk ƙofofin wannan shige da fice a jikin tof silinda suke: hanyar da iska ke bi, bawul ɗin da ke buɗe mata, kwarmin da ake ƙona ta, da mafitar hayaƙi. Komai girman kafireta, komai faɗin salansa, iskar da kan injin ya bari ta wuce ita kaɗai za ta zama ƙarfi.

Yana da kyau matashi ya san dalilin da ya sa motarsa ta zo da rauni tun daga masana'anta, don a nan maganin yake. A 1970 injin 350 na Chevrolet, wato mai lita 5.7, samfurin LT-1, yana matse iska da fetur ninki 11, kuma an rubuta masa ƙarfin doki 360 a cikin Camaro Z28. A shekarar ce Amurka ta tsaurara dokar tsaftar iska. General Motors ya yanke cewa daga 1971 dukkan injunansa za su sha fetur mai ƙarancin dalma, saboda haka aka rage matsi. Hanyar da aka bi ta haɗa da faɗaɗa kwarmin ƙuna: kan injin da a da kwarminsa ke cin cc 64 ya koma cc 76. A 1972 aka sauya yadda ake auna ƙarfin doki, aka koma aunawa da duk kayan da ke rataye a jikin inji, lambobin suka ƙara faɗuwa a takarda. Zuwa 1975 Corvette kanta, da injin 350 na yau da kullum, doki 165 kawai take da shi. Galibin tsofaffin motocin Amurka da matashi zai ci karo da su a farashin da hannu zai kai na wannan zamanin raunin ne. Gangar injinsu tana da ƙwari. Kan ne aka shaƙe.

To amma kafin a taɓa aljihu, a fara tambayar gangar ko tana da lafiya. Usta na gari ba zai yarda a ɗora sabon kai a kan zoben fistin da ya cinye ba. Zai kwance fulogai takwas ɗin, ya ɗaura agogon awon matsi a kowace silinda, a murza sitata, ya rubuta lamba. Idan wata silinda ta yi ƙasa da 'yan uwanta da fiye da kashi 10 cikin 100, akwai magana. Zai ɗiga ɗan baƙin mai a ramin fulogin ya sake aunawa. Lambar ta tashi, to zobe ne ya mutu. Ta tsaya inda take, laifin bawul ne ko gaskit. Wanda zobensa ya mutu gyaran inji gaba ɗaya ke gabansa, abin da kanikawan Masar ke kira amra, kuma sabon kai mai rufe bakinsa gam zai ƙara matsa wa tsohon zoben ne kawai, hayaƙi ya riƙa fita ta inda ake zuba mai. Matashi yakan ji haushin wannan hukunci, don ya riga ya ƙwallafa rai a kan ƙarfe mai sheƙi da ya gani a hoto. Gara haushin yini ɗaya da kwance inji sau biyu.

Sai kuma a gano abin da ke ɗaure a motar yanzu. Motar da ta shekara hamsin ta ratsa hannaye da yawa, kuma ba lallai ba ne kan da ke jikinta shi ne wanda ta zo da shi. A buɗe murfin bawul, a goge baƙin mai tsakanin sifirin-sifirin, za a ga lambar zubi a jikin ƙarfen. A ƙaramin injin Chevrolet lambobi uku na ƙarshe ake kira. Idan 882 ce ko 624, kan zamanin rauni ne mai cc 76, kuma 624 ta yi suna wajen tsagewa idan ta sha zafi. Idan 461 ce ko 462 ko 186, masu alamar tozo biyu a gefe, an dace da kan shekarun 1960 mai ƙaramin kwarmi. Masu tara tsofaffin motoci suna girmama su, kuma wanda yake son motarsa ta zauna yadda masana'anta ta fitar da ita zai biya kuɗi a kansu. A fannin ƙarfi kuwa zamani ya wuce su, ga shi an ƙera su ne a lokacin fetur mai dalma. Dalmar nan ita ke kare mazaunin bawul ɗin hayaƙi daga cinyewa, yanzu kuma babu ita a gidan mai ko'ina a duniya. Aljeriya ce ta ƙarshe, ta daina a 2021. Mai son amfani da irin wannan tsohon kai sai ya kai shi wurin masu tona su dasa masa mazaunin bawul mai tauri.

Lissafin matsi shi ne zuciyar al'amarin, kuma bai fi ƙarfin wanda ya gama sakandare ba. Silinda ɗaya ta injin 350 tana ɗaukar kusan cc 717 daga ƙasa zuwa sama. Idan fistin ya kai ƙoli, akwai sararin da ke saura: kwarmin kan injin, da kaurin gaskit wanda kan ba da kamar cc 9, da ɗan giɓin da ke tsakanin fistin da bakin ganga kamar cc 5, da 'yan ramukan bawul a saman fistin mai shafaffen kai kamar cc 5. Da kai mai cc 76, jimilla 95 ke nan. A haɗa 717 da 95 a raba da 95, a sami matsi 8.5. A ɗora kai mai cc 64, sararin ya koma 83, matsi ya tashi zuwa 9.6. Ba a taɓa fistin ba, ba a taɓa komai a ƙasa ba, an ƙara fiye da maki ɗaya, kuma kowane maki yakan ba da ƙarin ƙarfi kamar kashi 3 zuwa 4 cikin 100, tare da saurin amsa totur da direba zai ji tun daga tashin farko. Akwai kuma masu ba da shawarar araha: a ciro kan injin 305 mai cc 58 a ɗora wa 350. Lissafi ɗaya ne zai nuna matsin ya haura 10, a kan ƙarfen zubi, da ƙananan bawul. A nan ne fetur ɗin Alƙahira ke shigowa cikin maganar.

Gidajen mai a Masar suna sayar da fetur 80 da 92 da 95. Matashi ya karanta wani Ba'amurke yana cewa injinsa mai matsi 10.5 yana tafiya lafiya lau da fetur 93, sai ya ce ai nasa 95 ne, ya ma fi. Ya yi kuskure babba, domin ma'aunin ba ɗaya ba ne. Masar, kamar Turai da yawancin duniya, tana rubuta lambar oktan ta gwajin da ake kira RON. Amurka tana rubuta matsakaicin gwaji biyu, kuma lambarta kan yi ƙasa da ta RON da maki 4 zuwa 5 a kan fetur iri ɗaya. Wato 95 na Madinat Nasr kusan 91 ne a famfon Amurka, 92 kuwa bai wuce 87 ko 88 ba, wanda shi ne fetur mafi araha a can. Abin da Ba'amurken nan yake sha ya yi daidai da 98, kuma matashin ba zai same shi a famfon unguwarsa ba. Ga zafi a kai. Bazarar Alƙahira takan haura digiri 35, wani lokaci ta taɓa 40, iskar da ke ƙarƙashin bonet a cunkoso kuwa ta fi haka nesa. Iska mai zafi da matsi mai yawa da fetur mai ƙarancin oktan, idan suka haɗu, ƙunar ba ta jiran wutar fulogi ta gama zagayawa. Sauran cakuɗen yakan fashe da kansa. Direba zai ji ƙas-ƙas-ƙas kamar tsakuwa a gwangwani duk lokacin da ya taka a hawa. Wannan ƙara tana farfasa gefen fistin, tana karya zobe, tana ƙona gaskit. Makanike zai iya ja da taimin baya don ta yi shiru, amma da haka ƙarfin da aka sayo da tsada ya tafi, injin kuma ya ƙara ɗaukar zafi.

Abin da hankali zai kwanta da shi a wannan gari, ga motar hawa mai kamshaf matsakaici, shi ne matsi wajen 9 idan kan ƙarfen zubi ne kuma 92 za a riƙa sha, wajen 9.5 idan an ɗauri aniyar 95 kullum. Kan alminiyam yana saurin kwashe zafi daga kwarmin ƙuna, don haka yakan jure ƙarin rabin maki zuwa maki ɗaya. Wanda yake da niyyar wata rana ya kai motar gida Najeriya ya tsaya ƙasa da haka ma, tunda a can fetur iri ɗaya ne a famfo, direba ba shi da zaɓi.

Kada kuma a yarda da lambar da mai sayarwa ya faɗa. Tsohon kai an sha kai shi wurin masu tona an kankare fuskarsa, kowace kankara kuwa tana rage kwarmi. Aunawa ba ta da wuya. A kifa kan a kan benci, fuskarsa sama, bawul a rufe, fulogi a ɗaure. A shafa giris siriri a gefen kwarmin, a ɗora faifan roba mai gani-har-hanji wanda aka huda wa ƙaramin rami kusa da gefe, a danna har giris ɗin ya kama. Sai a ɗauko sirinjin kemis mai lamba, a riƙa ɗura ruwa mai launi ta ramin a hankali, ana ɗan karkata kan don kumfar iska ta gudu wajen ramin. Ruwan zai bi ta kan bawul, ya cika lungun fulogi, kumfar ta yi ta ƙanƙancewa har ta ɓace. Abin da sirinji ya zubar shi ne gaskiyar kwarmin. Sau da yawa kan da aka ce 64 ne sai a tarar 60, ko kuma na dama da na hagu su bambanta saboda ɗaya kawai aka taɓa kankarewa. A daidai wannan zama usta zai ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar kan, tsaye da kwance da gicciye, yana cusa siririn ma'auni a ƙarƙashi don ganin ko ta lanƙwashe, sannan a kai shi gwajin tsaga. Matashin da ya tsaya ya ga an yi wannan da idonsa ya koyi abin da hoton talla ba zai koya masa ba.

Kuskure na biyu da ya fi yawa shi ne son babba. Masu ƙera kan inji suna rubuta girman hanyar iska da cc: 170, 180, 195, 210, 220, har sama. Zuciyar matashi takan tafi ga mafi girma, tunda bambancin kuɗin ba shi da yawa. Amma iska tana buƙatar gudu kafin ta cika silinda. A hanya mai faɗi fiye da kima, idan inji yana juyi 2,000 a minti, iskar kan yi sanyin jiki, fetur ya rabu da ita ya kwanta a bango, motar ta yi nauyin tashi, ta ƙara shan mai. Babbar hanya sai a juyi 6,000 zuwa sama take nuna amfaninta. A titin Makram Ubaid ko Salah Salim, tsakanin danja da danja, tsakanin mikrobas da masu tsallaka titi, sau nawa injin zai ga wannan juyi? Ga 350 na hawa, cc 170 zuwa 195 ya wadatar. Daga 210 zuwa sama na injin da ya fi girma ne, irin 383 da 400, ko na filin tsere. Haka nan lambar yawan iskar da kan ke wucewa da ita: talla takan nuna lambar da aka samu da bawul a wangame har inci 0.600, alhali kamshaf ɗin matashin bai buɗe shi ya wuce 0.450 ba. Lambobin tsakiya, daga 0.200 zuwa 0.400, su ne abin dubawa, don bawul yana ratsa nan sau biyu a kowace buɗewa, ƙoli kuwa sau ɗaya yake taɓawa.

Masu injin 305, wanda ya cika Caprice da Camaro na ƙarshen shekarun 1970 da na 1980, su ƙara kula. Faɗin silindarsa inci 3.736 ne, na 350 kuwa inci 4. Bawul mai inci 2.02 da ake yabo yakan matsu da bangon wannan ƙaramar silinda, iska ta rasa wurin wucewa, wani lokaci ma ya taɓa bangon.

Da wane kai za a tafi ke nan? Ga mai Chevrolet 350 wanda kuɗinsa ƙidayayyu ne, da wuya a sami abin da ya kai Vortec. General Motors ya fito da shi a 1996 a kan injin manyan motocinsa na ɗaukar kaya da irin su Suburban da Tahoe, lambar zubinsa tana ƙarewa da 906 ko 062. Ƙarfen zubi ne, kwarmi cc 64 mai saurin ƙuna, hanyar iska cc 170, bawul 1.94 da 1.50, kuma duk da ƙanƙantar waɗannan lambobi ya fi tsofaffin masu tozo biyu shaƙar iska. Sai dai ba a ɗora shi haka kawai. Manifol ɗin da ke kan motar ba zai hau ba, don na Vortec kusoshi 8 ne a tsaye, tsohon kuwa 12 a karkace. Murfin bawul ɗinsa ta tsakiya ake ɗaurewa, rokokinsa irin masu riƙe kansu ne a kan bawul. Idan kamshaf ya buɗe bawul ya wuce wajen inci 0.450 zuwa 0.480, faifan da ke riƙe sifirin zai daki abin da ke ƙasansa, sai an yi aikin tona. Zubinsa kuma siriri ne, idan ya taɓa tafasa yakan tsage, don haka wanda aka ciro daga motar da ta mutu ba a biyan kuɗinsa sai bayan gwaji. Mai Mustang 289 ko 302 yana da makamancin wannan a kan GT40P na Ford Explorer mai V8 na ƙarshen shekarun 1990, shi kuma matsalarsa kwanciyar fulogi ce, wadda kan ci karo da bututun salansa da yawa. Kan da aka huda domin injin Ford 351 kusoshinsa rabin inci ne, na 302 kuwa sun fi siranta, don haka ko wannan sai an duba.

Na alminiyam, irin na Edelbrock da AFR da Trick Flow da Dart, sun fi kowa shaƙa, suna rage wa gaban mota kusan kilo 20, kuma ana iya yi musu walda idan sun lalace. Kuɗinsu dala ne. A Maris 2024 fam ɗin Masar ya faɗi daga wajen 31 zuwa wajen 50 a kan dala ɗaya, kafin a zo ga kuɗin jirgi da kwastan. Wannan ya buɗe kasuwa ga kwaikwayo marasa suna masu rabin farashi. Wasu cikinsu zubinsu ba laifi, amma bawul da sifirin da suke zuwa da su ba abin dogaro ba ne, kuma bawul ɗaya ya karye ya faɗa silinda, inji ya tashi aiki. Wanda ya sayi irin wannan ya ɗauke shi a matsayin ƙarfe tsura: a kwance, a auna, a sa kayan ciki na kirki. Idan an haɗa lissafi, ratar farashin takan ragu sosai. Kasuwar Taufiƙiyya a tsakiyar gari da Hirafiyyin ta Madinat Salam, waɗanda suke wa Alƙahira abin da Ƙofar Ruwa take wa Kano, cike suke da kayan Fiat da Hyundai da Toyota. Kayan V8 na Amurka sai an yi cigiya, sai an yi jira, kuma wannan kaɗai dalili ne na zaɓar kan da gaskit da sifirin ɗinsa ba za su gagara samu ba bayan shekara biyar.

Kuɗin kan kansa rabin labari ne. Sifirin dole ya dace da kamshaf: mai laushi ya bar bawul yana shawagi a babban juyi, mai tauri fiye da kima ya cinye tsohon kamshaf cikin 'yan kwanaki. Tsawon sandar tura bawul yakan canza idan kai ya canza, kuma aunawa ake yi, ba zato ba. A ɗora ɗan yumɓun wasan yara a saman fistin, a ɗaura kan, a juya inji da hannu zagaye biyu, a kwance a yanka yumɓun a ga kaurin da ya rage tsakanin bawul da fistin. Ana son aƙalla milimita 2 a na shiga, 2.5 a na fita. Kaurin gaskit shi ma zaɓarsa ake yi, don giɓin da ke tsakanin fistin da shafaffen ɓangaren kan ya tsaya kusan milimita 1. Wannan matsatsin wuri yana feso cakuɗen zuwa wajen fulogi, yana rage ƙarar nan mai kashe inji. Masu rage matsi ta hanyar sa gaskit mai kauri, ko ninka biyu, suna ɓata wannan ne ba su sani ba. Injin 400 kuma yana da ƙananan ramukan tururi tsakanin silindoji, dole a huda irinsu a sabon kai, in ba haka ba zafi ya taru a wurin. Ranar ɗauri, kusoshi 17 ne a kowane gefe na ƙaramin Chevrolet, suna ratsawa har cikin hanyar ruwa, don haka ana shafa musu abin toshe yoyo, a ɗaure daga tsakiya zuwa waje, mataki-mataki, da sifanar awo. Garejin da ake ɗaure kan inji da bututu a bakin sifana da ƙarfin dantse ba wurin wannan aiki ba ne, ko da usta ɗin ya shekara talatin yana gyaran tasi.

Akwai wani tarko da ya shafi Masar musamman. Lambar injin ƙaramin Chevrolet an buga ta ne a ɗan fili a saman ganga, gaban kan da ke ɓangaren dama. Idan mai tona ya kankare fuskar gangar don daidaita ta, lambar takan tafi tare da ƙurar ƙarfe. Ofishin murur, mai ba da lasisin mota, yana duba lambar inji da ta shasi lokacin sabunta lasisi, kuma motar da lambarta ta ɓace ta jefa mai ita cikin wahalar takardu, balle baƙo mai zama da iƙama. A faɗa wa mai tona tun kafin ya kunna na'ura.

Ƙarin ƙarfi ƙarin zafi ne. Lagireton da ya shekara arba'in yana shan ruwan famfo ya toshe rabi, kuma kan alminiyam ba ya shiri da ruwan famfo ko kaɗan. Ruwan lagireto na gaskiya ake zuba masa. Rumfar da ke kewaye da fanka, wadda kanikawa da yawa ke cirewa su yar, ita ke sa fankar jan iska ta cikin lagireto idan mota na tsaye a cunkoso. Ƙurar iskar hamsin ta bazara tana buƙatar matatar iska ta kirki. Sai birki. Da yawa cikin motocin nan birkin ganga ne a baya, wasu har gaba, da tayoyin da suka bushe a ajiye. Madinat Nasr unguwar mutane ce: ɗalibai na tsallaka Tariƙ Nasr zuwa jami'a, mata da yara na fitowa daga masallaci da kasuwa, mikrobas na tsayawa inda ya ga dama. Matashin da ya ƙara wa motarsa doki hamsin bai gyara abin tsayar da ita ba ya ɗauki alhakin ran da ba nasa ba, kuma iyayen da suka turo shi karatu ba wannan suka aiko shi ɗaukowa ba. Idan kuɗin bai isa duka biyun ba, birki da taya su riga kan inji.

Bayan an haɗa komai, gwajin gaskiya ba da daddare ake yinsa ba, lokacin da iska ta yi sanyi kowane inji yake jin daɗi. A fita da azahar, bayan motar ta sha cunkoso ta yi zafi sosai, tanki ɗauke da fetur ɗin gidan man da aka saba sha. A sami hanya mai sarari da ɗan hawa, a sa babbar giya, a taka daga ƙaramin juyi, rediyo a kashe, gilashi a sauke. Idan ƙarar ta fito, a ɗaga ƙafa nan take, a koma gareji a rage taimin digiri 2, a sake fita. Kwarmin zamani irin na Vortec ba ya ma buƙatar taimin mai yawa kamar tsohon kai, wajen digiri 32 gaba ɗaya yakan ishe shi inda tsohon ke neman 36 ko fiye. Daga nan a kwance fulogai a duba bakinsu ɗaya bayan ɗaya, a leƙa baƙin mai ko ya yi fari-fari alamar ruwa, a sake bin kusoshin manifol da na salansa da sifana bayan injin ya huce.